Yadda Ake Haɗa 'Yan Tsaki da Tsofaffin Kaji Ba Tare da Asara Ba

Gabatarwa

A gidajen manoma da yawa kiwon kaji ba ya yankewa. Kafin tsofaffin kaji su rage ƙwai, an riga an sayo 'yan tsaki, ko kuma wata kaza ta ƙyanƙyashe, domin a sami masu maye gurbi. Wahalar takan taso ne ranar da aka ce za a haɗa ƙananan da manyan a akurki ɗaya.

A wata ziyarar aiki da muka kai wani ƙauye lokacin girbin shinkafa, wata mai kiwo ta nuna mana abin da ya same ta. Ta reni 'yan tsakinta a cikin ɗaki har wata biyu, ko ɗaya bai mutu ba. Da ta ga sun yi gashi, sai ta zuba su cikin akurkin tsofaffin kajinta da yamma, ta rufe ƙofa. Da gari ya waye ta tarar an fasa wa biyu kai, sauran kuwa sun cure a lungu, sun kasa zuwa ko wurin ruwa. Ta ce mana kajinta mugaye ne, za ta sayar da su. Amma ko da ta sayar ta sayo wasu, haka za su yi, domin kuskuren yana cikin yadda aka yi haɗin.

Wannan asara tana da nauyi ga ƙaramin manomi. Sagara, wato budurwar kaza, irin ta gidan gona mai ƙwai, takan ci abinci kimanin kilo 6 zuwa 7 daga ranar ƙyanƙyasa zuwa makonni 18. Idan ta mutu gab da fara ƙwai, abincin nan ya tafi, kuɗin rigakafi ya tafi, haka ma wahalar wata huɗu. Saboda haka wannan bayani zai nuna maka, kai manomi ko mai kiwo, namiji ko mace, dalilin da ke sa kaji su sari baƙi, da lokacin da ya dace a haɗa su, da matakan da za ka bi ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ke sa manyan kaji su sari ƙanana

Kowane garken kaji yana da tsarin girma nasa. Akwai babbar kaza wadda take sarar kowa, ba mai sararta. Akwai ta biyu wadda take sarar kowa in ban da ta farko. Haka abin yake sauka har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke kora. Wannan tsari shi ke raba wadda za ta fara cin abinci, da wadda za ta hau sandar kwana mafi tsayi, da wadda za ta shiga wurin ƙwai mafi kyau. Wani masani ɗan ƙasar Norway mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ne ya yi fice wajen bayanin wannan tsari a rubuce, a 1922, amma duk wanda ya taɓa watsa wa kaji tsaba ya tsaya yana kallo ya riga ya gan shi.

Kaji suna gane junansu, musamman ta kai da zanko. Muddin kowace ta san matsayinta, faɗa kaɗan ne, domin kallo ko ɗaga wuya ya isa ƙarama ta kauce. Da zarar baƙuwar fuska ta shigo, tsarin ya rikice, sai an sake shi, kuma da baki ake sake shi. A 1944 masu bincike biyu a Amurka, A. M. Guhl da W. C. Allee, sun kwatanta garken da aka bari a zaune da garken da ake ta sauya wa kaji. Sun gano cewa kajin da ake yawan sauya wa abokan zama sun fi faɗa, sun rage cin abinci, sun kuma rage ƙwai. Ke nan haɗin da aka yi da garaje yana cutar manyan su ma, kuma a kwandon ƙwai za ka ga alamar.

Idan baƙuwar kaza babba ce, za ta rama ko ta gudu, cikin 'yan kwanaki a daidaita. Ɗan tsako kuwa ba ya iya ramawa, ƙashin kansa bai yi ƙwari ba, kuma a rufaffen akurki ba shi da wurin gudu. Sara ɗaya mai ƙarfi a ka tana iya kashe shi. Wani abin lura kuma shi ne, ganin jini yana jan hankalin kaji ƙwarai. Da zarar an fasa fata, har kajin da ba su cikin faɗan za su taru a kan raunin.

Akwai abubuwan da ke ƙara zafin sara. Daga cikinsu akwai cunkoso, da ƙarancin mazubin abinci da na ruwa, da zafin rana, da haske mai ƙarfi a cikin akurki, da abincin da ba shi da isasshen sinadarin gina jiki ko gishiri, da zaman banza ba abin tono. Duk waɗannan suna hannunka, kana iya gyara su kafin ranar haɗi.

Haɗarin da ido ba ya gani

Rauni ana ganinsa nan take, amma cuta ta fi shi ɓarna. Tsohuwar kaza tana iya ɗauke da ƙwayar cuta a jikinta alhali tana cin abinci tana ƙwai lafiya lau. Haka abin yake ga murar kaji mai kumbura fuska, da ciwon numfashi mai daɗewa, da taifod na kaji: wadda ta warke takan ci gaba da yaɗa cutar. Cutar Marek, mai shanye ƙafa da fiffike, tana yaɗuwa ta ƙurar gashin manyan kaji, kuma ƙanana ta fi kamawa, shi ya sa ake yi wa 'yan tsakin gidan gona allurarta tun ranar farko a wurin ƙyanƙyasa. Shimfiɗar da manya suka daɗe a kanta kuma tana cike da ƙwayayen tsutsar ciki da na cutar zawon jini, waɗanda manyan sun saba da su, ƙananan kuwa ba su saba ba.

Cuta tana kuma shigowa daga ɓangaren baƙin. Sagarar da ka sayo a kasuwar ƙauye ta zauna a keji ɗaya da kajin gidaje da yawa. Cutar Niyukasil, wadda ake kira fakat a wurare da dama, takan ɗauki kwana 2 zuwa 15 a jikin kaza kafin alama ta bayyana, kuma tana iya share garken da ba a yi wa rigakafi ba. Ta fi tsananta lokacin hunturu, lokacin da kuma ake yawan safarar kaji saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Murar tsuntsaye mai tsanani, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a Jihar Kaduna, ta sake ɓarkewa a 2015 da 2021, kuma safarar kaji masu rai tana cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta.

Saboda haka, duk kazar da ta fito daga waje, babba ko ƙarama, ka killace ta na tsawon makonni 3 zuwa 4 a wani wuri nesa da garkenka. Ta sami mazubinta na abinci da na ruwa daban. Kullum ka fara kula da kajinka na gida, sannan ka je wurin baƙin, ka wanke hannu da sabulu, ka kuma ware takalmin da kake shiga wurinsu da shi. A cikin waɗannan makonni ka riƙa duba ido da hanci da numfashi da kashi, ka buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da gefen dubura ka nemi ƙwarƙwata. Idan akwai tsutsa ko ƙwarƙwata, a yi magani kafin haɗi, kuma a yi wa ɓangarorin biyu.

Kada ka haɗa ƙananan da manyan sai sun kammala rigakafin da ya dace da shekarunsu, wato na fakat, da gumboro, da ƙurajen kaji. Ka bar aƙalla makonni 2 bayan rigakafin ƙarshe domin jiki ya gina kariya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa waɗannan magunguna, har da nau'in I-2 na fakat wanda ya fi jure zafi, ake ɗigawa a ido, kuma ya dace da kajin gida. Shi wannan ana maimaita shi duk bayan wata 3 zuwa 4. Tsarin ranakun rigakafi yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ka karɓe shi daga likitan dabbobi na yankinku.

Ga mai babbar gona da ke da ɗaruruwan kaji ko dubbai, shawara ita ce kada a haɗa masu shekaru daban-daban a ɗaki ɗaya ko kaɗan. A shigar da rukuni ɗaya tare, a fitar da su tare, a wanke ɗakin a fesa magani, a bar shi ya huta makonni 2 kafin sabon rukuni. Matakan da ke tafe na mai ƙaramin kiwo ne, wanda akurki ɗaya gare shi, kuma ba makawa sai ya haɗa.

Lokacin da ya dace

Daga ranar ƙyanƙyasa zuwa makonni 6, ɗan tsakon da ba shi da uwa ba shi da abin yi a akurkin manya. A makon farko yana buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, ana rage kimanin digiri 3 kowane mako har gashinsa ya cika, wajen mako na 6. Manyan kaji ba sa buƙatar wannan ɗumi, abincinsu ma daban ne.

Daga makonni 8 zuwa 12 ana iya fara sabawa ta bayan raga, inda za su ga juna amma baki ba zai kai ba. Idan kajinka masu yawo ne a fili mai faɗi, ana iya fara sakin su tare na ɗan lokaci a ƙarshen wannan zango, kana tsaye.

Haɗi na dindindin a rufaffen akurki ya fi dacewa daga makonni 16 zuwa 18. A lokacin sagara ta kusa girman tsohuwar kaza, muryarta ta sauya daga kukan tsako, kuma ta kusa fara ƙwai, wanda irin gidan gona kamar ShikaBrown, da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika ta samar, kan fara wajen makonni 18 zuwa 20. Kajin gida sun fi jinkirin girma, sukan kai wata 6 kafin su fara ƙwai, don haka ga su ka dubi jiki fiye da lissafin makonni. Ma'auni mai sauƙi shi ne, ka tsayar da ƙaramar kusa da babbar. Idan ba ta kai kashi uku cikin huɗu na girmanta ba, ka ƙara haƙuri. Sauri ya haifi nawa.

Ka guji haɗi a lokacin da ake mutuwar kaji a ƙauyenku ko maƙwabta, da tsakar rana a watannin zafi na Maris zuwa Mayu, da kuma ranar da za ka yi tafiya. Ka zaɓi makon da kai ko wani babba zai wuni a gida.

Shirya wuri kafin ranar haɗi

Da farko ka auna akurkin. A kan shimfiɗar ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, murabba'in mita 1 yana ɗaukar manyan kaji 3 zuwa 4 a yanayinmu na zafi. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 zai ɗauki kaji wajen 40. Idan ka lissafa tsofaffi da sababbi suka wuce abin da wurin zai ɗauka, ka fara rage tsofaffin da suka daina ƙwai. Ba wata dabara da ke hana faɗa a wurin da ya yi cunkoso.

Na biyu, ka ƙara mazubai. Kowace kaza tana buƙatar kimanin santimita 10 a bakin mazubin abinci mai tsawo. Amma abin da ya fi yawan santimita muhimmanci shi ne rarrabawa. Babbar kaza ɗaya tana iya tsare mazubi ɗaya duk yini, amma ba ta iya tsare uku da ke kusurwa daban-daban. Ka ajiye aƙalla wuraren abinci biyu da na ruwa biyu, yadda wadda ke tsaye a ɗaya ba za ta hango ɗayan ba.

Na uku, ka yi wuraren fakewa. Kaza takan daina bin wadda ta ɓace mata daga gani. Ka jingina katako ko tsohon kwano a bango, ka ajiye damin kara ko buhun ƙaiƙayi a tsakiya. Kowace mafaka ta kasance da hanyar shiga da ta fita, domin lungu mai ƙofa ɗaya tarko ne. Idan ƙananan ba su kai girman manyan ba, ka kifa babban kwando ko keji a kan duwatsu, ka bar rata a ƙasa wadda ƙananan za su shige amma manyan ba za su iya ba, ka sa abinci da ruwa a ciki. Ka gwada ratar da mafi ƙanƙantar tsofaffin kajinka kafin ka dogara da ita.

Na huɗu, ka ƙara sandar kwana. Kowace kaza tana buƙatar santimita 15 zuwa 20 a kan sanda, kuma faɗa mafi zafi yakan faru da magariba wajen neman wurin kwana. Ka kafa wata sanda ƙasa-ƙasa, nesa da ta manyan. Wurin yin ƙwai kuma, ɗaya ga kowane kaji 4 zuwa 5.

Na biyar, ka kwashe tsohuwar shimfiɗa ka zuba sabuwa, ka sauya wa mazubai wuri a ranar haɗin. Idan akurkin ya sauya wa manyan fuska, hankalinsu yakan rabu tsakanin binciken wuri da korar baƙi.

Matakan haɗawa

1. Ganin juna ta bayan raga, kwana 7 zuwa 14. Ka raba akurkin da ragar waya, ko ka sa ƙananan a babban keji a cikinsa. Ramukan ragar su kasance ƙanana yadda kai ba zai shige ba. Ka jera mazuban abinci kusa da ragar ta ɓangarorin biyu, domin su saba cin abinci suna kallon juna. A kwanakin farko manyan za su riƙa zirga-zirga a bakin ragar suna kumbura wuya. Ranar da ka ga sun koma harkarsu ba su damu da baƙin ba, lokacin mataki na biyu ya yi.

2. Haɗuwa ta ɗan lokaci, kwana 3 zuwa 7. Bayan la'asar, lokacin da manyan suka ƙoshi, rana kuma ta yi sanyi, ka buɗe ragar na tsawon awa ɗaya kana tsaye. Idan kana da tsakar gida ko fili, can ya fi, kuma ka fara sakin ƙananan su san wurin kafin ka saki manyan. Ka watsa tsakin masara ko dawa a wurare da yawa, ka rataya ganyen zogale ko alayyafo ko kabeji a igiya daidai tsayin kai. Bakin da ya sami abin tsattsaga ya rage neman na ƙasa da shi. Kowace rana ka ƙara lokacin.

3. Kwana tare. Idan sun wuni tare kwana biyu ko uku ba rauni, sai ka ɗora ƙananan a kan sandarsu bayan duhu ya yi. Kaji ba sa gani sosai da dare, don haka ba sa faɗa. Amma wannan ba ya nufin sun manta da baƙi, da asuba za su gane su. Lallai ka kasance a bakin akurkin kafin gari ya waye sosai, ka buɗe ƙofa, ka zuba abinci a duk mazuban. Barin kaji a rufe da safe cikin yunwa shi ne abin da ya jawo wa mai kiwon da muka ambata asara.

4. Sa ido, makonni 2. Kada ka cire ragar ko kejin da wuri, ka bar shi a buɗe ya zama mafaka.

Kada ka shigar da sagara ɗaya tilo cikin garke, domin duk sarar a kanta za ta ƙare. Ka shigar da uku ko fiye a lokaci guda, kuma ka shigar da su gaba ɗaya, domin kowace sabuwar shiga tana sake tayar da faɗa daga farko. Game da zakaru kuwa, zakara 1 ya isa kaji 8 zuwa 10. Samarin zakaru za su yi karo da tsohon zakara, su kuma dami sagarun da ba su isa barbara ba. Ka ware su tun da wuri domin yanka ko sayarwa.

Abinci a lokacin haɗi

Wannan wuri ne da masu kiwo da yawa ke kuskure. Abincin kaji masu ƙwai yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, domin gina ɓawon ƙwai. Abincin 'yan tsaki da na masu tasowa kuwa wajen kashi 1 cikin 100 ne. Ƙaramar kazar da ta daɗe tana cin abincin masu ƙwai kafin lokacinta, ƙodarta tana iya lalacewa, girmanta ya tsaya, wani lokaci har ta mutu ba a san dalili ba.

Idan ka haɗa su kafin sagarun su kai makonni 17 zuwa 18, ka ba kowa abincin masu tasowa, sannan ka ajiye kalsiyam a wani kasko daban, kamar dakakken ɓawon kawa da ake sayarwa a shagunan abincin kaji, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Masu ƙwai za su ɗebi abin da jikinsu ke nema, ƙananan kuwa ba su cika damuwa da shi ba. Ka daka ɓawon ƙwan sosai yadda ba zai yi kama da ƙwai ba, don kada kaji su koyi fasa ƙwansu. Da sagarun sun kusa fara ƙwai, sai ka mayar da kowa kan abincin masu ƙwai sannu a hankali cikin mako ɗaya.

Ga kajin gida masu yawo, ka riƙa ba ƙananan ƙarin abinci a ƙarƙashin kwandonsu, kamar dusa da tsaki da gara da ɗan ƙulin gyada ko garin waken soya da aka gasa. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke ko da awa ɗaya.

Yadda za ka bambanta sara ta al'ada da mai haɗari

Ba kowace sara ce ke buƙatar ka shiga tsakani ba. Idan babba ta kai sara ɗaya, ƙarama ta kauce, babbar ta koma cin abincinta, tsarin girma ne ake kafawa. Idan kana raba su a kowane motsi, faɗan zai daɗe bai ƙare ba. A bisa al'ada abin yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Ka shiga tsakani nan take idan ka ga jini, ko kaji da yawa sun taru a kan ɗaya, ko ana bin wata ba hutawa har cikin mafaka, ko wata ta lafe a lungu ta ɓoye kai ta ƙi motsi. Kowane dare ka ɗauki ƙananan ɗaya bayan ɗaya ka taɓa maroro, wato jakar abincin da ke gindin wuya. Wadda ta ci ta ƙoshi, za ka ji shi cike. Wadda ka ji nata babu komai, an hana ta abinci ke nan, ko da ba ka ga rauni a jikinta ba.

Wadda aka ji wa rauni, ka fitar da ita, ka wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka shafa maganin shunayya da ake kira GV, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta ya kuma rufe jan launin. Kada ka mayar da ita sai raunin ya bushe sarai, kuma ka mayar da ita ta bayan raga tare da wata 'yar'uwarta. Raunin da ya yi zurfi, ko na dubura, a kai wa likitan dabbobi. Kada ka zuba wa dukan garke maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa saboda raunin kaza ɗaya.

Sau da yawa za ka tarar kaza ɗaya ko biyu ne ke jagorantar faɗan, kuma ba lallai ba ne babbar garke. Wadda ke ƙasan tsari takan fi tsananta wa baƙi, domin matsayinta ne ke cikin haɗari. Ka cire mai faɗan, ka ajiye ta inda ba ta ganin sauran na tsawon mako ɗaya. Kafin ta dawo, garken ya daidaita ba ita, sai ta shagala da neman nata matsayin. Idan aka yi haka sau biyu ba ta daina ba, musamman idan ta koyi tsigar gashi ko sarar dubura, ka sayar da ita ko ka yanka, domin sauran suna koyon wannan hali. Rage tsinin baki kuwa aikin ƙwararre ne, kuma tun kaji suna ƙanana ake yin sa. Ƙona bakin babbar kaza da wuƙa mai zafi a gida yana sa ta ciwo, ta daina ci, ƙwai ya tsaya.

'Yan tsakin da ke da uwa

Idan kaza ce ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta bayan kwanci na kwana 21, aikin ya fi sauƙi, domin ita ce garkuwarsu. Duk da haka, ka ware ta da su a ƙarƙashin babban kwando ko keji na makonnin farko, a inda sauran kaji ke ganinsu. Wannan yana kare su daga saran wasu kajin, da shirwa da shaho, da raɓar safiya. Kada ka rufe iyaye biyu da 'ya'yansu a wuri ɗaya matsattse, domin kaza takan sari tsakon da ba nata ba. Ranar da uwar ta yaye su ta koma sandar kwana, kariyarsu ta ƙare, daga ranar sai ka tanadar musu mafaka da abinci daban kamar yadda aka bayyana.

Ana kuma iya sa wa kaza mai kwanci 'yan tsakin da aka sayo, kamar yadda manoma suka daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabi. Sharaɗin shi ne kazar ta kusa cika makonni 3 a kwance, 'yan tsakin kuma ba su wuce kwana 1 zuwa 3 ba. Da dare ake yi: a zare ƙwan a hankali, a tura 'yan tsakin ƙarƙashin fiffikenta. Da asuba ka duba. Idan tana kiransu tana rufe su, ta karɓa. Idan tana sararsu, ka kwashe su ka rene su da kanka. Kazar da ba ta kwanci ba za ta karɓi tsako ba, kada ma ka gwada.

Ga malaman gona

Idan mai kiwo ya kawo muku ƙarar kaji masu faɗa, ku je ku ga akurkin da idonku kafin ku ba da shawara. Ku auna faɗinsa, ku ƙirga kaji da mazubai, ku tambayi makonnin ƙananan, da inda aka sayo su, da rigakafin da aka yi musu, da irin abincin da ke cikin mazubi. Yawancin lokaci amsar tana cikin waɗannan tambayoyi. Tunda mata da yara ne suka fi kula da kajin gida, ku tabbata bayanin ya isa gare su kai tsaye. Gwaji a gida ɗaya, da raga da kwando da duwatsu huɗu, ya fi dogon jawabi a dandali. Idan kuwa kuka tarar kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, wannan ya wuce batun faɗa. Ku hana fitar da kaji daga gidan, ku sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar.

Kammalawa

Kafin ka buɗe ragar da ke tsakanin ƙananan kajinka da manyan, ka tabbata sun gama killacewa da rigakafi, sun kusa girman manyan, sun yi mako ɗaya zuwa biyu suna ganin juna, kuma wurin yana da faɗi da mazubai da mafaka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, ka ƙara musu mako guda a bayan raga. Abincin mako ɗaya bai kai kuɗin sagara ɗaya ba. Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku.